Gajeren kil a tseren kulob: a ƙara masa dalma, a ƙara masa tsawo, a sauya shi, ko a bar shi?

Wanda ya sayi jirgin ruwa mai filafilai don yawon ƙarshen mako, daga baya sha'awar tseren kulob ta kama shi, yakan gane halin gajeren kil, wato farantin nauyin da ke ƙarƙashin jirgi, tun a zagayen farko. An tashi tare, jirage iri ɗaya, filafilai iri ɗaya, amma kafin a isa alamar farko da ke can inda iska ke fitowa, sai ya ga takwarorinsa sun haye, shi kuwa yana ta sulalewa gefe kamar mota a kan laka da damina, sitiyari na kallon gabas, motar na zamewa kudu. Da an juyo ana bin iska sai ya riƙe matsayinsa, wani lokaci har ya rage tazara. A zagaye na biyu abin ya sake faruwa. Daga nan ake fara tunanin taɓa kil, kuma a nan ne mutane da yawa ke kashe kuɗi a kan maganin da ba na cutarsu ba.

Kil shi ne farantin nan mai nauyi, na dalma ko na baƙin ƙarfe, da ke rataye a ƙarƙashin jirgi. Aiki biyu yake yi, kuma duk shawarar da za ka yanke ta dogara ne ga raba su a ranka. Ɗaya shi ne nauyi: iska na tura filafilai, jirgi ya karkata, nauyin da ke ƙasa ya ja shi ya miƙe. Ɗayan kuwa ba ruwansa da nauyi. Kil fiffike ne da ke aiki a cikin ruwa. Idan jirgi na tafiya yana ɗan zamewa gefe da digiri uku zuwa biyar, ruwa na bugun kil a karkace, sai kil ya samar da ƙarfin da ke hana jirgin bin iska ya tafi gefe. Wannan ƙarfi ne ke sa jirgi ya iya kutsawa ta inda iska ke zuwa.

Amma ƙarfin ba kyauta yake zuwa ba. A can ƙarshen kil, ruwan da ke ɓangaren da matsi ya fi yawa yana zagayowa ta ƙasa zuwa ɗaya ɓangaren, ya bar guguwa mai murɗawa a bayan jirgi, guguwar kuma tana jan jirgi baya. Abin da ke rage wannan ja shi ne zurfi, kuma ba kaɗan-kaɗan yake rage shi ba: in aka ninka zurfin sau biyu, jan ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin huɗu zai koma. Ɗauki Catalina 30, jirgin da Frank Butler ya zana a Amurka a shekarun 1970, wanda aka ƙera fiye da 6,000 kuma har yau ya cika tseren kulob-kulob a can. Mai dogon kil yana nitsewa mita 1.60, mai gajere mita 1.32, mai fukafukai mita 1.17. In ka yi lissafin a kan zurfi kaɗai, mai mita 1.32 yana fama da wannan ja fiye da mai dogon kil da kusan rabi, mai mita 1.17 kuma ya doshi ninki biyu, ko da yake fukafukan suna rage masa wani abu. Wannan ja ba shi ne dukan abin da ke riƙe jirgi ba, akwai gogayyar ruwa da jikin jirgi, akwai igiyar da jirgin ke tayarwa. Amma shi ne bambancin da kake gani tsakaninka da takwaranka a hanyar zuwa alamar farko, kuma da an juya ana bin iska kusan ɓacewa yake yi, domin a lokacin kil ba ya wani aikin riƙo.

Saboda haka kafin ka kira kowa, ka tantance cutar. Ka fita a ranar da iska ke matsakaiciya, ka daidaita filafilai, ka dubi sawun da jirgi ke bari a baya. In sawun ya kauce daga tsakiyar jirgi sosai alhali jirgin bai karkata da yawa ba, matsalarka zamiya ce, maganinta zurfi da kyan siffar kil. In kuwa da iska ta ɗan ƙaru sai jirgi ya kwanta ya wuce digiri 25, abin tuƙi ya yi nauyi a hannu, hanci na neman juyawa cikin iska, to matsalarka ƙarfin miƙewa ne, ko kuma filafilai ne suka tsufa suka yi tumbi. Sau da yawa filafilan ne, kuma tsohon filafili ya sa an zargi kil da laifin da ba nasa ba fiye da yadda ake zato.

Sai batun da ya kamata ya zo kafin giranda da dalma, wato lambar rangwame. Tseren kulob ba na wanda ya fara isa ba ne, na wanda ya yi nasara bayan an gyara lokaci ne. A Amurka da Kanada mafi yawan kulob na amfani da PHRF, inda kowane jirgi ke da lamba ta daƙiƙa a kowane mil na teku, wato mita 1,852, kuma kwamitin kowane yanki ne ke yanke lambobinsa, yawanci a matakin daƙiƙa uku-uku. Jirgi mai gajeren kil yakan sami ƙarin 'yan daƙiƙu a kan ɗan'uwansa mai dogo. A ce an ba ka shida: a tseren mil shida, daƙiƙa 36 ke nan a aljihunka tun kafin a busa. A Ingila da Faransa akwai IRC, wadda ake ɓoye tsarin lissafinta da gangan don kada masu zane su riƙa ƙera jirgi domin cin gajiyar doka. Akwai kuma ORC, wadda ke auna jirgi ta sa kwamfuta ta yi hasashen gudunsa, har takan ba da lamba daban-daban bisa ƙarfin iska da irin hanyar tsere.

Ko wanne ne kulob ɗinku ke bi, doka ɗaya ce: in ka taɓa zurfin kil, ko nauyinsa, ko siffarsa, wajibi ne ka sanar. Doka ta 78 a dokokin tsere na World Sailing, hukumar tseren jiragen filafilai ta duniya, ta ɗora wa mai jirgi alhakin tabbatar da cewa jirginsa ya dace da takardar awonsa. In ka sanar, za a janye rangwamen, wataƙila har da ƙari, domin kwamiti in ya ga jirgin da aka yi wa gyaran da bai saba gani ba yakan ƙi yin sassauci har sai ya ga sakamakonsa. Ma'ana, kana iya kashe kuɗi mai yawa jirgi ya ƙara gudu da gaske, amma matsayinka a allon sakamako ya tsaya inda yake. Wannan bai sa gyaran ya zama banza ba. Jirgin da ke iya riƙe layinsa bayan an tashi, ba tare da na kusa da shi ya matse shi ya tilasta masa juyawa cikin gurɓatacciyar iska ba, yana samun ribar da lambar rangwame ba ta aunawa. Sai dai ka san abin da kake saya. Kuma ka dubi irin hanyoyin da kulob ɗinku ke shatawa: in hawa da sauka ne kai tsaye, gaba da iska sannan baya, gajeren kil na shan wahala fiye da rangwamensa. In kuwa zagayen alamomin dindindin ne mai yawan tafiya da iska a gefe, sau da yawa rangwamen riba ce tsagwaronta, kuma taɓa kil zai zama ka mayar da kyautar da aka ba ka.

Zaɓi na farko, wanda ni na fi karkata gare shi ga mafi yawan mutane, shi ne a bar zurfi da nauyi yadda suke a gyara fuskar kil. Ka sa a fitar da jirgi a ɗora shi a tudu, ka tsuguna a gaban kil da daddare ka haska tocila a jikinsa daga gefe. Za ka ga abin da rana ke ɓoyewa: tudu da kwari, kumburin tsatsa a ƙarƙashin fenti in na baƙin ƙarfe ne, goshi da ya lotse inda ya taɓa bugun dutse, bakin baya mai kauri kamar yatsa biyu. Sannan ka yanka katako siriri a siffar gefe ɗaya ka kifa shi a ɗaya gefen. A jiragen kamfani da yawa za ka tarar da giɓin da yatsa ke shiga, domin zubin ƙarfe ba ya fitowa daidai, kuma wannan ne dalilin da ya sa wasu jirage suka fi gudu in iska na dama fiye da in tana hagu. Aikin shi ne a kankare har ƙarfe, a shafe da ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ke hana ruwa shiga, nan take kafin tsatsa ta dawo, a cike da fila, a goge da dogon katako mai samfefa, ana gwadawa da ma'aunin siffa a tsayi uku ko huɗu. Siffofin da aka fi amfani da su na NACA ne, hukumar binciken jiragen sama ta Amurka da ta rikiɗe ta zama NASA a 1958. Ga jirgi mai nauyi da ke yawan juyi, siffa mai zagayayyen goshi irin NACA 0010 ko 0012 ta fi yafiya, domin ba ta saurin sakin ruwa in gudu ya ragu. Bakin baya kuma a sirance shi a yanke shi a miƙe, ba a zagaye shi ba.

Masu J/24, ƙaramin jirgin da Rod Johnstone ya zana wanda aka fara ƙerawa a 1977, sun daɗe da sanin darajar wannan aiki. Dokar ajinsu ba ta yarda a ƙara zurfi ko a sauya kil ba, ta dai ba da iyakokin awo, amma duk mai neman nasara a cikinsu sai ya gyara fuskar kil ɗinsa a cikin iyakokin nan. In da aikin ba ya biyan kuɗin sabulu da ba su dage a kansa shekara da shekaru ba. Babbar fa'idarsa a gare ka ita ce PHRF tana ɗauka tun asali cewa jirginka a shirye yake, ƙasansa sumul, filafilansa masu kyau. Ba a ba ka rangwame don ƙasanka na da gansakuka, haka kuma yawanci ba a cire maka komai don ka sumulce shi, muddin ba ka sauya girman da aka zana ba. Ka dai tambayi mai awon kulob kafin ka fara. Ka haɗa da allon juya jirgi, domin a jirgi mai gajeren kil shi ma yana ɗaukar kaso mai tsoka na aikin riƙo. In farfelarka mai tsayayyen kunne ce, ka kwatanta rangwamen da ake ba ka a kanta da abin da mai naɗewa za ta ba ka a ranar da iska ta yi sanyi.

Wannan zaɓi yana tafiya da sauya salon tuƙi. Ƙarfin riƙon kil yana ƙaruwa da gudu ninki a kan ninki, don haka mai gajeren kil da ya matsa hanci cikin iska don ya yi layi ɗaya da masu dogo yana kashe kansa ne: gudu ya ragu, riƙo ya ragu, zamiya ta ƙaru. Ka saki hanci da digiri biyu ko uku, ka bar jirgi ya yi gudu. Bayan kowane juyi ka tara gudu kafin ka nemi hawa. Ka rage yawan juyi. A layin tashi ka nemi wurin da babu kowa dab da kai ta gefen da iska ke nufa. Ka rage filafili da wuri, domin jirgin da ya kwanta zurfinsa ƙara raguwa yake yi. Kuma inda teku ke cika tana janyewa, kana da makamin da su ba su da shi: a mashigin Solent na kudancin Ingila, jiragen da ke tafiya gaba da igiyar ruwa sukan lafe a bakin gaɓa inda ƙarfinta ya ragu, kuma mai gajeren kil na iya shiga inda mai dogo dole ya juya.

Zaɓi na biyu shi ne wanda ya fi jan hankali, kuma shi ne na fi jin tsoro: ƙara curin dalma a ƙasan kil. Ana zuba shi gida biyu, a manna a kowane gefe, a huda kil a ɗaure da dogayen bol, a cike da fila. Kamfanoni irin MarsKeel na jihar Ontario a Kanada suna yin wannan aiki, kuma asalin amfaninsa mai kyau ne: wanda ya yanke dogon kil don ya shiga ruwa marar zurfi yakan mayar da ƙarfin miƙewar da ya rasa ta wannan hanya. Amma ga mai gajeren kil da ke neman hawa iska, bari mu yi lissafi. A ce ka ƙara kilo 150 a zurfin mita 1.2. Dalma a cikin ruwan teku tana rasa kusan kashi 9 cikin ɗari na nauyinta, saura kilo 136. In jirgi ya karkata digiri 20, curin ya kauce daga tsakiya da kusan santimita 41 kacal, ƙarfin miƙewar da ya ƙara kuwa kusan 56 ne a ma'aunin kilo sau mita. Yanzu ka ɗauki mutum ɗaya mai kilo 80 da ke zaune a tsakiyar jirgi ka ce ya koma baki, mita ɗaya da rabi daga tsakiya: ya ba ka kusan 113. Abokin tuƙi guda da ya zauna inda ya dace ya ninka curin dalmar nan, kuma shi ba ya ƙara wa kil faɗin da ruwa zai goga, ba ya nan daram a jikin jirgi ranar da babu iska.

Ba na cewa curin ba shi da amfani ko kaɗan. Amfaninsa na ƙaruwa yayin da jirgi ke ƙara kwanciya, kuma a ranar da guguwa ta kwantar da jirgi har jigon filafilai ya kusa taɓa ruwa, dalma ce ke tayar da shi ba mutanen da ke baki ba. Wanda ke tsere shi da mutum ɗaya, a wurin da iska ke da ƙarfi kusan kullum, yana da hujjar tunaninsa. Curi mai faffaɗan ƙasa yana kuma ɗan toshe zagayowar ruwan nan, wanda shi ne tunanin da ke bayan kil ɗin da Henry Scheel ya ƙirƙiro a shekarun 1970, mai buɗewa ta ƙasa. Amma zurfi bai ƙaru ba, zamiya na nan, an kuma ɗora wa bol da ƙashin jirgi kayan da ba a lissafa da su ba.

A watan Fabrairu na 2007 jirgin tsere Hooligan V, samfurin Max Fun 35, ya rasa kil ɗinsa a tekun kudancin Devon a Ingila, ya kife, mutum ɗaya ya rasu. Binciken MAIB, hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya, ya gano cewa ƙarfen kil ɗin ba a ƙera shi yadda mai zane ya tsara tun farko ba, sannan daga baya aka ƙara kusan kilo 160 a curinsa don inganta shi a tsere, walda ta gaji ta tsage. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne ba a yi ƙarin da ka ba, an nemi ƙwararre. Sai dai abin da ke cikin jirgin ya saɓa da abin da ke kan takarda. Duk wanda zai ƙara nauyi a ƙasa, lissafin injiniya a kan zanen kamfani bai wadatar ba, sai an buɗe an ga abin da ke nan a zahiri.

Fukafukai ba za su ɗauke mu lokaci ba. Sunansu ya fito ne daga Australia II, jirgin da Ben Lexcen ya zana, wanda ya ci Kofin Amurka, babbar gasar jiragen filafilai, a 1983 da ci huɗu da uku, ya kawo ƙarshen shekara 132 da kofin ya yi a hannun kulob ɗin New York. Amma wancan kil an zana shi ne gaba ɗayansa don dokar ajin mita 12 da ke hukunta zurfi, aka gwada shi a tankin gwaji a Holan. Fukafukan da kamfanoni suka riƙa sa wa jiragen yawo bayan haka, yawancinsu hanya ce ta sauke dalma ƙasa ba tare da ƙara zurfi ba. Ƙera naka a gida ka manna caca ce: in kusurwarsu ta kuskure da digiri kaɗan, birki ka ɗaura wa jirginka. Suna kama ciyawa da igiyar tarkon kaguwa, kuma in ka kafe a laka, dabarar karkata jirgi don ya kuɓuta ƙara nitsar da fiffike take yi. Wanda kuma jirginsa ya zo da su, kada ya yanke su da sunan rage ja, domin nauyin da ke miƙar da jirgin a cikinsu yake.

Zaɓi na uku shi ne kaɗai gyaran da ke taɓa ainihin cutar ba tare da cire kil ba: ƙara masa tsawo. Santimita 15 a kan mita 1.32 na rage jan guguwar nan da kusan kashi ɗaya cikin biyar, wannan kuwa abu ne da za ka ji a hannunka. Hanya uku ake bi, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai takalmin dalma da ake zubawa a siffar ƙasan kil a ɗaure daga ƙasa. Yana ba da zurfi da nauyi tare, amma ya gaji duk haɗarin curi har da ƙari, tunda nauyin ya fi nisa da jikin jirgi. Akwai sa wani abu tsakanin jirgi da kil don a sauke kil ɗin gaba ɗaya, wanda ke bukatar sababbin bol masu tsawo kuma yana ƙara wa mahaɗa wahala fiye da kowace hanya. Wannan ban ga dalilin yin sa a tsohon jirgin yawo ba. Sai ta uku, wadda ba a cika maganarta ba kuma a ganina ta fi su hankali: ƙari marar nauyi, na katako mai tauri ko kumfa mai ƙarfi, a naɗe da faiba da ifoksi, a siffanta shi ya bi layin kil. Tunda aikin riƙo ba ya bukatar nauyi, ka sami zurfi ba tare da ka rataya wa bol ɗinka ƙarin dalma ba, kuma in ka bugi ƙasa, ƙarin ne zai fara karyewa. Duk da haka ƙarfin da ruwa ke turawa ya sauka ƙasa kaɗan, don haka jirgi zai ɗan ƙara karkata, kuma cibiyar riƙo na iya matsawa baya in kil ɗin mai kwantaccen goshi ne, abin da zai sauya yadda abin tuƙi ke ji. Wannan hanya ta dace da kil mai miƙaƙƙen ƙasa. A kan mai fukafukai ko mai buɗaɗɗen ƙasa, gyaran gangar Auzinawa za a yi.

Na huɗu shi ne a sauke gajeren a ɗaura dogo. In kamfanin ya ƙera samfurin jirginka da kil iri biyu, wannan ne gyara mafi tsabta: injiniyan da ya zana jirgin ya riga ya yi lissafinsa, kwamitin rangwame yana da lambarsa a littafi ba sai ya yi hasashe ba, kamfanin inshora ya san shi, mai saye ma gobe zai gane abin da yake saya. Akan sami irin wannan kil daga jiragen da guguwa ta lalata aka yi gwanjonsu, wani lokaci kuma mai dogon kil da ya koma wuri marar zurfi yana neman wanda za su yi musaya. Amma ka tabbatar ramukan bol sun dace, ka tabbatar ko allon juya jirgi iri ɗaya ne a samfuran biyu, domin wasu kamfanoni na gajarta shi a mai gajeren kil. Ka kuma fara duba ko kil ɗinka na ɗauri ne ma tukuna: a wasu jirage nauyin a cikin jikin faiba aka zuba shi aka rufe, babu bol, babu abin kwancewa, kuma a irinsu wannan zaɓi bai taso ba. Sabon kil da aka zana maka kai kaɗai kuwa, da kuɗin injiniya, da zubi, da dako, da ƙugiyar ɗaga jirgi, a tsohon jirgi mai tsawon mita tara kuɗin kan iya kusantar darajar jirgin kansa. A nan tambayar gaskiya ita ce ko sayar da shi a sayi mai dogon kil bai fi sauƙi ba, musamman a wurare irin su mashigin Chesapeake da Florida inda ruwa ba shi da zurfi kuma gajeren kil ke da kasuwa.

Dogon kil yana zuwa da nasa nauyin. In ya bugi ƙasa da gudu, gabansa na fizgar jikin jirgi ƙasa, bayansa na soka shi sama, kuma ƙarin tsawo ƙarin ƙarfin bugun ne. A watan Mayu na 2014 Cheeki Rafiki, samfurin Beneteau First 40.7, ya rasa kil a Tekun Atlantika a hanyarsa daga Antigua zuwa Southampton, mutum huɗu suka rasu. Rahoton MAIB ya ja hankali ga bugun ƙasa da jirgin ya taɓa yi a baya, da yadda ƙashin cikin jirgi kan iya rabuwa da jikinsa ba tare da ido ya gani ba. Don haka duk zaɓin da ya wuce samfefa da fila, farkonsa ɗaya ne: a ɗaga katakon daɓen jirgi, a busar da ramin da ruwa ke taruwa a ƙasan jirgi, a duba noti da zoben ƙarfen da ke ƙarƙashinsu da faibar da ke kewaye da su, a nemi tsagewa da farin tabo. A waje a dubi layin da kil ya haɗu da jiki, ko akwai tsaga mai zubar da jan ruwa bayan sauran jirgin ya bushe. Masu tsofaffin Catalina sun san wannan tsaga sarai, kuma a wasu na farko-farko katakon da aka sa a gindin ramin ne ke ruɓewa ya sassauta ɗaurin. Bol na ƙarfe marar tsatsa ma yana cinyewa a ɓoye inda ruwa ya kwanta babu iska, kansa na ƙyalli, wuyansa ya sirance.

In za a jera su bisa abin da kowanne ke bayarwa a kan kuɗinsa da haɗarinsa, ga yadda nake gani. Wanda tserensa na yammacin ranar aiki ne da wasu Asabar, kuma iyalinsa na son shiga lungunan da ruwa bai kai mita ɗaya da rabi ba, ya gyara fuskar kil da allon juyi, ya sayi sabon filafilin gaba, ya riƙe rangwamensa, ya yi kaka guda cur yana rubuta tazararsa a alamar farko da kuma a ƙarshe. Wanda ya yi haka ya ga har yanzu a hawa kaɗai yake faɗuwa, kuma kulob ɗinsu hawa da sauka yake shatawa, ya nemi dogon kil na kamfani, in bai samu ba ya kai wa injiniyan jirgi maganar ƙari marar nauyi. Curin dalma na wanda ba shi da mutanen zama a baki ne kuma iskar wurinsu mai ƙarfi ce, bayan an buɗe an duba ƙashin jirgi. Kafin ɗayan ukun nan, ka auna zurfin matsayar jirginka da bakin mashigarku a ranar da teku ta fi janyewa a wata, ka rubuta wa mai awon kulob ya faɗa maka a rubuce lambar da za ta koma, ka sanar da kamfanin inshora. In an yi aikin, a sake ɗaure notin da ma'aunin ƙarfi bayan fita ta farko cikin iska mai ƙarfi, a kuma sake duba su a ƙarshen kakar.